Sabulun da na yi wa gasa, da yadda soda ta yi wasa da hankalina

Wata uku da suka wuce ban ma san cewa soda ake zubawa cikin ruwa ba, ba ruwa cikin soda ba, amma wai ni ce na sa sunana a gasar sabulun ado. Har yanzu in na tuna sai in yi dariya. Ƙa'idar gasar guda biyu ce kawai, sabulu ya zama na hannu wanda kai ka haɗa tun daga mai da soda, sannan launin ciki ya zama na halitta, wato daga tsiro ko ƙasa ko gawayi, banda kalar kamfani banda ƙyalƙyali. An ba mu sati takwas. Da na ga sati takwas sai na ce ai lokaci ya yi yawa ma, ashe sabulun da aka yi a sanyi, wato ba tare da dafa shi a wuta ba, sai ya kwana sati 4 zuwa 6 yana shan iska kafin ya bushe ya yi tauri, kenan abin da ya rage min na gwaji sati biyu zuwa huɗu ne kawai.

Bari in fara da haɗin, don shi ne abin da bai ba ni wahala ba sam. Giram 500 na mai nake yi duk zubi: man zaitun 250, man kwakwa 150, man kaɗe 75, man zurma 25. Kowane mai da adadin sodar da yake ci, man kwakwa ya fi su ci, kusan 0.183 a kowane giram, zaitun kuma wajen 0.135, in ka tara duka sai ya ba ka giram 74, sai in rage kashi 5 cikin ɗari don a bar ɗan mai da soda ba ta cinye ba saboda kada ya busar da fata, ya koma 70. Ruwa ninki biyu, 140. Sikeli dole ne, ba a yin wannan da cokali ko da ido. Safar hannu da tabarau su ma dole, kuma kada ka kusanci tukunyar alminiyam, soda tana cin ta har ta fitar da iskar da ke kama wuta. Ranar farko da na zuba soda a ruwa na taɓa gefen robar sai da na janye hannu, ruwan da ke sanyi yanzun nan ya haura kusan digiri 90 ba tare da wuta ba, ga wani tururi mai shaƙe maƙogwaro. Tun daga ranar bakin taga nake haɗawa.

To launi fa, nan ne aka yi ta.

A kaina na riga na zana sabulun, ja jawur a sama yana sauka zuwa ruwan hoda, kuma na san inda zan samo jan, busasshen furen zoɓo, wanda in ka jiƙa shi ko farin ƙyalle ya taɓa ya shiga uku. Na jiƙa na tace na sa a firij, ruwan ya yi kyau kamar in zauna ina kallonsa. Ina zuba soda a ciki wallahi ko minti ɗaya ba a yi ba ya juye kore-kore, daga nan ya koma wani irin ruwan ƙasa mai duhu kamar ruwan kwata. Na ce ƙila in ya haɗu da mai zai dawo. Bai dawo ba. Washegari na yanka sabulu launin tsohon kwali. Sai daga baya na gane dalili, sinadarin da ke ba zoɓo ja, antosayanin, launinsa yana bin tsami ne, a wuri mai tsami yake ja, da ya shiga kanwa-kanwa sai ya koma shuɗi ko kore, in ta yi ƙarfi irin na soda sai ya lalace gaba ɗaya. Sabulu kuwa ko bayan ya gama nuna awonsa na pH, wato ma'aunin tsami da kanwa, yana wajen 9 zuwa 10, ɓangaren kanwa kenan, ba inda jan zai tsaya. Haka jan kabeji, haka yawancin furanni masu ja da shunayya. Bitirut ma, wata jar saiwa, da sinadarinsa daban ne ƙarshensa ɗaya, ruwan ƙasa.

Abin ya ba ni haushi sosai, don giram 500 na mai ya tafi a banza, ko da yake ba banza ba tunda muna wanka da shi, muni kawai gare shi. Amma shi ya sa na daina yarda da idona. Zubi na biyu ban yi wani ado ba, na samo ƙananan kofunan roba guda tara na raba haɗin a ciki, kowanne da launinsa, na rubuta suna a jiki da maka, guda ɗaya na bar shi fari don in riƙa gwadawa da shi.

Kurkum ya fara tsorata ni, yana shiga ya yi ja kamar jini, na ce ga jan da nake nema ya zo da kansa, kwana biyu ya sauka ya koma rawaya mai ƙasa-ƙasa, kuma wanda na bari kusa da haske ya riƙa kodewa a hankali. Garin alayyafo kore shar ranar farko, bayan kwana goma ya fara zama kamar busasshiyar ciyawa. Furen labanda, wani tsiro mai ƙamshi, da na yayyafa a saman kofi ɗaya don ƙawa, kada ma in faɗa, sun yi baƙi-baƙi sun zama sak kashin ɓera, ƙanwata da ta gani tambaya ta ta yi ko ɓera ya shiga ɗakin. Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne gawayi, hodar koko ta cakulan, jar laka, farar laka, manja, da shuni. In ka lura yawancinsu abubuwa ne da soda ba ta da abin da za ta yi musu, laka ai ƙasa ce, janta daga tsatsar ƙarfen da ke cikinta ne, gawayi kuma ya riga ya ƙone me ya rage. Manja shi launinsa a cikin man yake, wani sinadari ne mai suna karotin, cokali ɗaya ya ba ka ruwan lemo mai kyau, in ka cika sai kumfar ma ta yi rawaya.

Shuni ne ya fi ɗaukar hankalina kuma shi ya fi wahalar da ni. Ɗan kaɗan ake sawa, bakin cokalin shayi, kuma sai ka murje shi sosai a cikin ɗan mai tun da wuri in ba haka ba ya bar ɗigo-ɗigo. A cikin ɗanyen haɗi ba ya ma kama da shuɗi, wani toka-toka ne mai kore, sai bayan ya kwana yake fitowa kamar wankakken wandon jins. Kuma na lura man zaituna mai kore-kore ne, rawayarsa tana haɗuwa da shuɗin ta ja shi zuwa kore, dole na canja na nemo mai haske. Wannan ba wanda ya gaya min, kofin farin nan ne ya nuna min, don da na duba shi da kyau ashe ba fari ba ne.

Sai na yar da zanen farko na sake wani da abin da ke hannu: faɗuwar rana a kan ruwa. Shuɗi a ƙasa, siririn layin koko da ake barbaɗawa ta rariyar shayi a matsayin bakin ruwa, manja a sama, sai jar laka, can ƙoli ɗan gawayi kamar dare na shigowa. A takarda ya yi kyau ƙwarai.

Zubi na uku ni na kashe shi da hannuna. Ana so haɗin ya yi ɗan kauri kawai, yadda in ka ɗiga shi a kai zai bar sawu na ɗan lokaci kafin ya nutse, ni kuma hannuna ya ji daɗin bulanda na yi ta dannawa, sannan na zuba man kanumfari don ƙamshi ban san yana hanzarta kauri ba, kafin in raba shi gida huɗu ya riga ya daskare a kwanon, da cokali na riƙa kwasa ina dannawa cikin mazubi ina zufa ina faɗa da kaina. Da na yanka duk ramukan iska, layin kokon kuma na barbaɗa da yawa har sabulun ya rabe biyu daga wurin. Na zauna na ƙirga kwana, saura sati biyar da kwana biyu, kenan zubi ɗaya ya rage min, in ya lalace sai dai in tura ɗanye.

Na huɗun na yi shi da dare bayan kowa ya kwanta. Na bar ruwan soda da mai suka huce zuwa wajen digiri 35, bulanda daƙiƙa biyar in tsaya in juya da hannu, ƙamshi ban sa komai ba, na haƙura. Kowane hawa sai na jira na ƙasa ya ɗan kama sannan in zuba na gaba ta bayan cokali don kada ya huda. Na rufe na naɗe shi da tawul saboda zafin da yake yi a ciki yana sa launi ya fito sosai, musamman shuni. Awa 48 ban taɓa ba, ko da yake na leƙa ya fi sau goma.

Da na yanka, to, ba abin da ke takarda ba ne amma ya yi kama. Zafin bai kai gefe ba, sai ya bar wani da'ira mai duhu a tsakiyar kowane yanki, masu sabulu suna ɗaukar wannan a matsayin aibi, ni kuma tawa ta faɗo daidai kan manjan sai ta zama kamar rana da gangan aka zana ta. Ba zan yi ƙarya ba, ban gyara wa kowa zato ba. Saman kuma ya yi farar toka-toka, wannan sodar da ba ta gama aiki ba ce ta haɗu da iska, ba ta cutarwa, na kara shi a tururin butar shayi ta ɓace. Gawayin ya fito toka maimakon baƙi don na ji tsoron cikawa, in ya wuce cokalin shayi ɗaya a giram 500 kumfa tana fara yin toka, kuma ba na so alƙali ya wanke hannu ya ga tawul ɗinsa ya ɓaci.

Na jera su a kan katako da tazara, cikin inuwa, duk bayan kwana uku in juya su in auna ɗaya a sikeli, nauyin yana raguwa yayin da ruwan ke fita, daga giram 118 ya sauko 106 sannan ya tsaya. Na zaɓi uku da suka fi miƙewar layi na goge gefensu na tura ranar Talata, sakamako sai ƙarshen wata. Guda ɗaya na ajiye a bakin taga da gangan, na rufe rabinsa da takarda, ina so in ga ko manjan zai kai wata uku a rana, yau kwana goma sha ɗaya kuma da na ɗaga takardar ɗazu na fara ganin layi.