Wayar da na binne a bango

Har yau in na hau matakalar gidanmu na ga tabon filastar da ke hannun hagu, sai raina ya sosu. Sau biyu aka yi wa wurin fenti, baƙo ba zai lura ba, amma ni ina ganinsa.

Gidan bene ne a Kano, akwai ƙasa da kuma hawa biyu a sama. Hajiya mahaifiyata tana ƙasa, ni da iyalina muna tsakiya, ɗakin aikina da na samarin gida suna can sama. Da muka tare, rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet ta wayfai, na ajiye a falon tsakiya, ina zaton za ta wadaci kowa. Ina! Rufin tsakanin hawa da hawa da aka zuba da kankare da rodi cinye wayfai yake yi, musamman na zangon 5GHz, mai gudu amma ba ya jure bango. Na 2.4 yana ɗan ratsawa, sai dai a galabaice yake isowa. In Hajiya za ta yi kiran bidiyo da ƙanwata da ke aure a Yamai, sai an kawo mata kujera gindin matakala. Wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Sai na tsara abin yadda ya kamata: waya daga rauta zuwa suwic, wato akwatin da ke raba layi ɗaya zuwa da yawa, daga suwic waya ta tafi kowane hawa, a maƙala na'urar wayfai a silin na kowane hawa, wutarta ta bi ta cikin wayar, abin da ake kira PoE. Inbata ɗaya ta riƙe duka in an ɗauke wuta. Tsarin ba shi da laifi. Wajen sayen waya na yi ɓarna.

Mai shagon ya ajiye mini kwali biyu, kowanne mita 305, kowanne an rubuta Cat6, wato ajin ingancin wayar intanet, ɓaro-ɓaro. Ɗaya kusan rabin kuɗin ɗaya. Na tambaye shi bambanci, ya ce, "Alhaji, suna kawai za ka biya, aikinsu ɗaya." A lokacin gini ya riga ya tatse ni, na ɗauki mai arahar. Da na ɗaga kwalin na ji bai yi nauyi ba, amma ban kawo komai a raina ba.

Wata guda lafiya lau. Daga nan na'urar sama ta fara mutuwa tana tashi da kanta, suwic kuma yana nuna gudun layin ya faɗo daga megabit 1000 zuwa 100. Na yanke kan wayar na sake matsewa har sau uku, ina bin jerin launuka ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Ƙaramar testata ta gwada waya tana kunna fitilu takwas cif, ɗaya ga kowane sili na cikin wayar, ashe ita haɗuwar waya kawai take gani, ba ta san inganci ba. Na zargi na'urar, na canja ta da ta ƙasa. Matsalar ta tsaya a sama.

Wani matashi mai saka kyamarori ne ya raba gardama. Ya karɓi guntun da ya rage, ya fere shi, ya kankare sili ɗaya da reza. Jan ya tafi, fari fat ya bayyana. Ya kunna ashana ya kara, silin ya lanƙwashe ya tsinke nan take. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ai alminiyam ce aka yi wa wanka da jan ƙarfe." Ya juya kwalin ya nuna mini haruffa uku ƙanana a gefe: CCA, wato alminiyam mai rufin jan ƙarfe.

Alminiyam ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, kusan kashi 61 cikin ɗari nasa take iyawa, ga saurin karyewa, ga shi in iska ta taɓa ta sai ta yi wani yashi a fuska da ke hana haɗuwa da kyau a cikin kan waya. Gudun 1000 kuwa yana buƙatar silin nan takwas duka. Ɗaya ya samu matsala, sai layi ya koma 100, mai amfani da huɗu kawai. Ni kuma na ɗora mata ɗaukar wutar na'ura a kan tafiyar kusan mita sittin.

Inda wayar ta bi ta bututu, gyara bai ɗauki awa guda ba: aka ɗaure sabuwa a wutsiyar tsohuwa aka ja. Amma a matakala bututu ya ƙare wa mai wayarin ranar da ake aikin, ya ce a binne ta haka cikin filasta, mita shida ne kawai. Ina tsaye a wurin na ce ya ci gaba. Mita shidan nan su suka jawo magini da guduma, kwana uku ana fasa bango, ƙura ta tayar wa Hajiya da tari har sai da ta koma gidan yayana. Kuɗin sabuwar waya da na magini da na fenti sun ninka abin da na yi zaton na rage sau da yawa.

Duk wanda ya tambaye ni yanzu, abin da nake fara ce masa shi ne ya tafi shago da reza a aljihu, ya kankare kafin ya biya. Kada ya yarda a binne ko taku ɗaya ba bututu, bututun ma ya zama daban da na wayar wuta, a bar igiya a ciki domin gaba. Sauran duk mai sauƙi ne. Na ba na'urorin uku suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, na raba musu tashoshin wayfai 1 da 6 da 11 don kada su shiga juna, na rage musu ƙarfi don wayar hannu ta daina maƙale wa na'urar wani hawa. Yanzu daga kan gadonta Hajiya take kiran Yamai.

Ragowar wayar kuwa, wani maƙwabci ya roƙa zai ja a shagonsa, na hana shi, na gaya masa dalili. Ɗan jari bola na kira. Yaron ya ɗaga ƙullin a hannu ɗaya, ya jijjiga, ko ferewa bai yi ba ya ce, "Baba, wannan ba jan ƙarfe ba ce."