Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da Ƙ Ta Ƙi Magana

A makon jiya na tsaya a inda maigidana a wurin aiki ya danƙa mini aikin faifan CD na koya wa yara abacada, wanda wata makarantar kuɗi a nan Kano ta kawo mana. Shekarar 2006 ce, da Flash 8 muke aiki, wato manhajar kwamfuta ta haɗa hotuna masu motsi. Sunan Macromedia ne a jikinta, duk da cewa Adobe ta riga ta saye kamfanin tun ƙarshen 2005.

Aikin a baki ba wuya: yaro ya danna harafi, murya ta faɗe shi, hoto ya fito. K, kaza. Ƙ, ƙofa.

Duk abin da ka zana ka mayar simbol, wato zanen da ake ajiyewa don a yi ta amfani da shi, Flash za ta nemi ka raɗa masa suna. In ka yi gaggawa, ita ta raɗa: Symbol 1, Symbol 2, haka dai. Ni kuwa a lokacin gaggawa ce abincina. Kafin mako biyu laburaren, wato ma'ajiyar simbol ɗin, ya cika maƙil, in ina neman kaza sai na buɗe akuya da ɓauna kafin in same ta.

Abin da ban gane da wuri ba shi ne suna biyu ne. Akwai na laburare, akwai kuma wanda kake ba kowane kwafi da ka ɗora a fage, wato filin da yaro zai gani a allo, da shi ActionScript, harshen ba Flash umarni, ke kiran abu. Oga ya ga ina ta dawurwura sai ya ce, "Gidanku Muhammadu nawa ne?" Na ce uku. "To in Hajiya ta ce Muhammadu, wa zai amsa?" Na ce ai Sani take cewa, ko Salisu, babban yayanmu kuwa ko sunansa ba ta kamawa. Ya ce, "To je ka yi wa 'ya'yanka suna."

Na yi, amma rabi da rabi. Allon buga rubutun kwamfutarmu ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai na sa wa maɓallin K suna k_btn, na manta na sake sa wa Ƙ wannan sunan. Daren da za a kai aiki, janareta na ta ƙugi, na danna Ƙ, shiru. Flash kuma ba ta ce uffan ba. Halin ActionScript 2 ke nan: ka kira wanda babu, ko ka ba biyu suna ɗaya, ba kowane lokaci za ta tanka ba. Na sake ɗaukar murya, na zargi lasifika, har na zargi linzamin kwamfuta. Wajen ƙarfe biyu na gano. Ina gyarawa kuma na tarar na rubuta Kaza_mc a wani layi, alhali sunanta kaza_mc; a wurinta babban baƙi da ƙarami mutane biyu ne daban.

Kafin asuba na manna takarda a bango: ba tazara cikin suna, ba a fara shi da lamba, maɓalli ya ƙare da _btn, hoto mai motsi da _mc, rubutu da _txt. Wutsiyar nan tana da amfani, don da ita manhajar ke kawo maka jerin umarnin da ya dace kana bugawa. Ƙ ta koma k_lankwasa_btn, haka Ɓ da Ɗ.

Da hantsi muka kai faifan. Shugabar makarantar ta danna haruffan ɗaya bayan ɗaya, ta gyara tabarau, ta ce, "Malam, ina 'Y?"

Mu haɗu mako mai zuwa.