Yaran da suke gyara mana burtsatse, da abin da na gani wajen tsaya musu

Ni sana'ata sayar da kayan famfo ce a Ƙofar Ruwa, fayif da kan famfo da samo, wato injin da ake zurawa cikin burtsatse yana turo ruwa, da tankin roba da sauran tarkace, to kaga duk wanda ruwa ya dama a garin nan ƙarshe sai ya biyo ta layinmu. Ta nan na san yaran da zan ba ku labarinsu, kuma ta nan ni da wasu abokaina 'yan kasuwa muka tsinci kanmu muna tallafa musu, ba ƙungiya ce da mu ba, ba ofis, 'yar gudummawa ce muke haɗawa kamar adashi duk ƙarshen wata.

Halin da Kano take ciki a kan ruwa ba sai an faɗa wa kowa ba. Akwai matatar Challawa, akwai Tamburawa, akwai Watari, ga dam ɗin Tiga da aka gina tun zamanin Audu Bako, ruwa kam Allah Ya hore mana, amma gari ya yi faɗin da ya fi ƙarfin fayif ɗin da ke binne a ƙasa, unguwanni da yawa 'yan garuwa ne famfonsu, su turo kura da jarkoki daga burtsatsen wani su sayar maka. Da aka cire tallafin fetur a 2023 masu tayar da samo da janareta suka ƙara kuɗi, jarka ta ƙara tsada, talaka ya koma rijiyar da ya san ba ta da kyau. Kuma mun ga abin da ya faru a 2021, shekarar da amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 3,000, Kano na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Duk wanda ya ɗauki yaro a kafaɗa cikin dare yana neman inda za a saka masa ƙarin ruwa ba zai ƙara ɗaukar maganar nan da wasa ba.

Na farko da suka zo mini su biyu ne, ɗaya ya gama karatun injiniya yana zaune ba aiki, ɗayan kuma bakanike ne da ya tashi a hannun ogansa yana bin motar haƙa. Abin da suka yi ya burge ni tun kafin su roƙi komai, sun zaga unguwarsu da ƙafa sun rubuta duk wata burtsatse da tuƙa-tuƙa da ta mutu, ta masallaci da ta Islamiyya da wadda ɗan siyasa ya haƙa aka ɗauki hoto aka watse, kowacce sun rubuta abin da ya kashe ta. Yawanci ba wani babban abu ba ne, samo ya ƙone, ko waya an sace, ko robar tuƙa-tuƙa ta cinye, ko tanki ya tsage. Suka ce Baba mu ba sabuwa za mu haƙa ba, waɗannan za mu tayar, sannan a riƙa biyanmu wani abu duk wata muna kula da su. Samo ɗaya suke so bashi da nadin waya.

Na ba su kayan, ban ba su kuɗi a hannu ba, kuma har yau haka muke yi da kowa. Ba zargi ba ne, yaron da yake zaune a gidan da ba a ɗora tukunya ba in ka damƙa masa jari tsaba to mahaifiyarsa da ƙannensa sun fi samo haƙƙi a kansa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Kaya kuwa sai dai a je a ɗaura.

Amma ashe kayan shi ne ƙaramin abu. Da suka je wajen burtsatsen farko aka hana su taɓawa, kowa na cewa su waye, ɗan wa, wa ya aiko su, wasu ma suka ce samon ciki suka zo sacewa. Sai da na rufe shago na saka babbar riga na raka su gidan mai unguwa. Na durƙusa na ce ranka ya daɗe yaran nan nawa ne, in wani abu ya ɓata a zo Ƙofar Ruwa a kama ni. Ya dube su ya ce to Alhaji tunda kai ka tsaya, amma su sani ruwan nan na jama'a ne. Wannan tsayuwar ta fi samon da na ba su amfani nesa ba kusa ba, kuma ita ce abin da na ga matasanmu sun fi rasawa, basira suna da ita, ƙarfi suna da shi, babban da zai ce nawa ne shi ne babu.

Sai rigimar kuɗi ta taso, don mutanenmu suna ganin ruwan da aka haƙa sadaka haramun ne a karɓi ko sisi a kansa. Liman ne ya raba gardamar bayan sallar isha'i, ya kawo labarin rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa Musulmi a Madina, ya ce wanda ya haƙa ya yi sadakarsa Allah Ya karɓa, amma samo ba ya gyara kansa, in kuna so ladan bawan Allahn nan ya ci gaba da gudana to ku riƙe abin da ya bari. Aka tsayar da magana, alwala kyauta, tsofaffi da gidajen marayu kyauta, masu ɗiba a bokiti su ba da ɗan abin da aka yanka, 'yan garuwa su biya a kan kura. Kuɗin a raba uku, na mai tsaron famfo, na yaran, da na asusun gyara wanda ba mai taɓa shi sai da sa hannun mutum biyu. Ni na dage a kan littafi, ƙaramin littafi na 'yan makaranta, a rubuta abin da ya shigo kullum, kuma duk Juma'a a karanta wa mutane a ƙofar masallaci. Da farko yaran sun ga kamar ana tuhumarsu ne, daga baya littafin nan shi ya wanke su ranar da wani ya tashi ya ce suna cin kuɗin jama'a.

Wani abu da injiniyan ya nuna mini wanda ni mai sayar da samo ban taɓa damuwa da shi ba, yawancin samon da ke ƙonewa da rani ne, ruwa ya ja ƙasa injin ya ci gaba da juyi a bushe har ya ƙone. Sai ya riƙa saka ɗan makunnin da yake kashe injin da kansa in ruwa ya yi ƙasa, da wani a tanki in ya cika. Abu ne mai araha amma ya rage mana cinikin samo a wannan unguwar, kuma wallahi na ji daɗi. Da asusun gyara ya yi kauri suka koma sola suka huta da sayen mai.

Ta biyu yarinya ce, ƙanwar wani abokina, ta yi karatun tsafta. Ita maganarta ɗaya ce, ko ruwan burtsatse ya fito garau to jarka ce take lalata shi. Ta kawo mini wata jarka a shago ta haska cikinta da fitilar waya ta ce Kawu leƙa, na leƙa na ga gansakuka kore shar ta lulluɓe gindin da gefe-gefe, wani wajen har ya yi baƙi, kuma ita ce jarkar da aka juye mana ruwan shayi da safe. Sana'ar da take so ita ce ta zauna a bakin burtsatse da yara biyu suna wanke wa 'yan garuwa jarkoki, a zuba tsakuwa da sabulu a jijjiga a ɗauraye, sannan in an cika a ɗiga sinadarin kulorin daidai awo, a bar shi ya yi minti 30 kafin a sha.

'Yan garuwa suka ƙi, kuma suna da gaskiyarsu, mutumin da yake tura kura tun asuba duk minti ɗaya da ya tsaya kuɗi ne, ga masu saye suna cewa ruwan yana warin magani. Akwai masu ba da shawara a irin wannan harka da suke ganin ɗan garuwa shi ne matsalar, a kawar da shi a kawo tsari na zamani, ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, mutanen nan su suke shayar da rabin unguwanninmu da ƙarfin ƙirjinsu, duk tsarin da zai zo ya ture su ba zai kai ko'ina ba. Abin da muka yi mata shi ne muka nemo mata masu saye. Na bi masu shayi da masu abinci na layinmu ɗaya bayan ɗaya, abokina ya yi wa wata makarantar kuɗi magana, muka ce ku riƙa sayen ruwa daga kurar da aka shafa wa shuɗin fenti kawai, alamar an wanke jarkokinta a wajen yarinyar. Da 'yan garuwa suka ga mai shuɗin fenti yana sauke kura tun kafin hantsi sai ga su da kansu suna layi. Warin kuma ta gano hannun yaranta ne yake zarcewa, ta samo sirinji suka daina awo da ido.

Inda abin ya fi wuya shi ne bandaki. Ruwa kowa yana so a gan shi a ciki, masai kuwa ba mai so a haɗa sunansa da shi. Alhali ƙididdigar da gwamnati ta yi da UNICEF a 2021 ta nuna mutum wajen miliyan 48 ne suke bahaya a fili a ƙasar nan, gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta tun 2018, a 2019 aka ƙaddamar da gangamin kowa ya yi amfani da bandaki, kuma maƙwabtanmu Jigawa a 2022 suka zama jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da bahaya a fili. Mu a cikin birni damuwarmu ta wuce rashin masai, gidaje a matse suke, masana na cewa a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya, a lungunanmu kuwa wani lokacin katanga ɗaya ce tsakanin shaddar maƙwabcinka da rijiyarka, in damina ta sauka kuma sai abin da Allah Ya yi.

Wani yaro da muka tallafa wa ya buɗe gidan wanka da bahaya kusa da wata kasuwa, ya ware ɓangaren mata da ƙofarsu daban da mace mai kula, don ya lura mata 'yan kasuwa suna wuni ba su sha ruwa ba saboda ba inda za su zaga. Wuri ya yi kyau, ciniki ya buɗe, sai mai filin ya ga ana samu ya ce ɗansa zai karɓa, kuma ba takarda tsakaninsu sai maganar baki. Yaron ya yi kuka a shagona kamar ƙaramin yaro, tayil da fayif da ya saka duk suka tafi. Tun daga ranar duk wanda zai saka ko bulo ɗaya a filin wani sai an rubuta yarjejeniya, shekara nawa, haya nawa, mai unguwa da shaidu su sa hannu, sannan mu tura shi ya yi rajistar sunan sana'arsa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Shi yaron ya sake buɗewa a wani wajen, amma sai da ya shekara yana biyan bashin na farko.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya gyarawa. Ɗaya daga cikin masu yashe masai da muka saya wa injin zuƙa da takalmin roba da safar hannu, yaro mai hankali mai sallah, ya je neman aure aka ce masa a'a saboda sana'arsa. Na je da kaina na samu mahaifin yarinyar na ce Malam yaron nan da guminsa yake ci, kuma da babu irinsa da ni da kai ba mu zauna a gidajenmu ba. Bai ba ni amsa a ranar ba, har yanzu maganar tana nan ana yi. Shi ya sa nake kiransu su zauna a kan bencina mu ci abinci kwano ɗaya a gaban 'yan kasuwa, da gangan nake yi.

Ina jin ana shirya wa matasa taron bita da gasa, kuma ba na hana kowa zuwa, gidauniyar Tony Elumelu tana ba da jarin dala 5,000 ga waɗanda suka dace kuma ina matsa wa yaranmu su cike. Amma ina roƙon masu irin wannan taimako su riƙa duban waɗanda ba su iya tsayawa su yi bayani da Turanci ba, bakaniken nan namu ko takarda ɗaya ba zai iya cikewa ba, amma da kunne yake gane ciwon samo. A haɗa mai takarda da mai hannu, kuma a dawo a duba su bayan shekara, don a wata na shida ne abin yake fara ɓaci, ba ranar buɗewa ba.

Injiniyan ne ya nuna mini a waya yadda wani kamfani mai suna Sanergy yake yi a Nairobi ta Kenya tun 2011, suna ba mutanen unguwannin talakawa ƙananan bandakuna su riƙe a matsayin sana'a, su kuma su zo su kwashe abin da ya taru su sarrafa shi ya zama taki da abincin dabbobi. Na ce masa ai manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen takin birni, ba baƙon abu ba ne a wajenmu, abin da ya rage a yi shi yadda ba zai cutar da kowa ba. Don maganar gaskiya yaranmu masu yashewa har yanzu wurin zubarwa shi ne ciwon kansu, kuma mun yi musu sharaɗi duk wanda aka kama ya juye a kwata ko kududdufi to ya dawo mana da injinmu. Yanzu fili muke nema a bayan gari, nesa da gidaje da rijiyoyi, inda za a shanya shi ya daɗe ya mutu sosai kafin ya je gona, akwai wani dagaci da ya ce mu zo mu gani bayan sallah, kuma sai mun samu ma'aikatan lafiya sun duba wajen sun amince kafin mu sauke ko tifa ɗaya ta yashi.