Hoton faifai: aikin da ba a tuna mu sai ranar da kwamfuta ta ƙi tashi

Mu huɗu ne a kamfanin: ni, da injiniya guda, da yara biyu masu koyon aiki. Ƙananan ofisoshi muke kula wa da kwamfutoci, irin waɗanda ke da na'ura biyar zuwa ashirin, ba su kai su ɗauki ma'aikaci na musamman ba, amma kuma in kwamfuta ɗaya ta tsaya kowa sai ya ji a jikinsa. In aka tambaye ni me nake sayarwa, cewa nake awanni. Awannin da ke tsakanin mutuwar kwamfuta da komawar mai ita kan kujerarsa. Duk abin da muke yi, rage waɗannan awannin ne.

Kusan kowane sabon abokin hulɗa da maganar nan yake tarbata: "Ai Malam, ni ina kwashe fayilolina a filasha." Madalla, ya fi wanda bai kwashe ba. Amma ranar da faifan ajiya ya mutu, fayilolin nan suna nan lafiya a hannunsa, sai dai babu inda zai buɗe su. Sai an sake ɗora Windows, a jira ta sauke sabuntawa, a nemo manhajar lissafi da lambar lasisinta da aka manta inda aka rubuta, a sake haɗa firinta, a sake saita imel, sannan sakatariya ta ce wani abu da take dannawa a gefen hagu babu shi. Kwana biyu sun tafi, wani lokaci uku.

Hoton faifai kuwa, ba hoton kyamara ba ne. Kwafi ne na faifan gaba ɗayansa a cikin babban fayil guda ko 'yan gutsattsari: babbar manhaja irin Windows, sauran manhajoji, saituna, fayiloli, har da abubuwan da mai kwamfutar bai taɓa gani ba. Akwai teburin da ke nuna yadda aka yanka faifan, MBR a tsofaffin na'urori, GPT a na yanzu. Akwai wani ɗan ƙaramin yanki da ake kira EFI, wanda in babu shi kwamfutar zamani ba za ta san hanyar tashi ba. Ka ɗauki hoton yau, gobe faifan ya ƙone, ka sa sabo ka juye masa hoton, kwamfutar za ta farka kamar barci ta yi, har da shafin da aka bari a buɗe a burauza in ta saba tunawa.

Tsofaffin hannu a sana'ar nan har yau "gostin" suke ce wa aikin, saboda manhajar Ghost da aka fara ƙirƙira a New Zealand, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998, aka daina sayar da Norton Ghost a 2013. Ni yanzu Clonezilla na fi riƙewa, wadda ta fito daga wata cibiyar bincike ta Taiwan, kyauta ce kuma ba ta da kwalliya ko kaɗan: allo da rubutu kawai. Yaran sun fi son Rescuezilla don tana da maɓallan dannawa, kuma tana karanta hotunan Clonezilla, don haka ban hana su ba. Abin da ya sa nake son Clonezilla shi ne wuraren da ke da kaya kawai take kwashewa, ta matse su. Faifai mai tera ɗaya wanda giga tamanin kacal aka cika, hotonsa ba zai kai tamanin ɗin ba ma. Wani tsohon umarnin kwafi na babbar manhajar Unix, mai suna dd, shi babu ruwansa, da mai kaya da fanko duk sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Matsalar Clonezilla ita ce sai an kashe aiki an tayar da kwamfutar daga filasha. Ofishin da ba zai jure haka ba muna sa masa irin su Macrium Reflect ko Acronis, waɗanda ke ɗaukar hoto ana tsaka da aiki. Suna dogara ne da wata dabara ta cikin Windows mai suna VSS, wadda ke daskarar da kamannin faifan na daƙiƙar da aka fara, ko da ana ci gaba da rubutu a kansa.

Duk wannan bayani ne da kowa zai iya koya cikin mako guda. Abin da ya ɗauke ni shekaru, kuma sai da na sha kunya kafin na koye shi, wani abu ne dabam.

A farkon kafa kamfanin na saita wa wani ofishi tsari mai kyau a takarda. Cikakken hoto sau ɗaya, sannan kowane dare manhajar ta ɗauki abin da ya canza kawai tun daren jiya, ta jingina shi a kan na baya. Irin wannan tsari yana da sauri, ba ya cin wuri, amma sarƙa ce: kowace zobe tana rataye ne a jikin wadda ta gabace ta. Wata bakwai ina ganin koren alama ina murna. Ranar da faifan babbar kwamfutarsu ya mutu na zo da ƙafata ina taƙama, na ce wa mai ofishin, "Ranka ya daɗe, ka ba ni awa ɗaya." Na sa sabon faifai, na fara juyewa. Layin ci gaba ya hau, ya hau, ya kai wajen kashi sittin, sai ya tsaya da jan rubutu. Zobe ɗaya a wata na biyu ta lalace, saboda faifan waje da muke ajiya a kai shi ma ya fara ciwo ban sani ba. Duk abin da ya biyo bayanta ya zama ba shi da amfani. Mai ofishin yana tsaye a bayana, bai ce komai ba, numfashinsa kawai nake ji. Awa ɗayan nan ta koma kwana huɗu, muka dawo da na wata biyu, sauran muka tsinto daga imel da takardun da aka buga.

Laifin ba na manhaja ba ne. Ni ne ban taɓa gwada dawo da hoton ba ko sau ɗaya. Na yi ta ajiya, ban taɓa buɗe ajiyar na ga ko akwai abu a ciki ba. Kuma ba ƙananan irina kaɗai ke faɗawa ramin nan ba. A ƙarshen Janairun 2017 wani ma'aikacin GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya goge rumbun bayanansu bisa kuskure, da aka duba hanyoyin ajiya biyar da suke da su, babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su.

Tun daga lokacin doka ce a wurinmu: ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane wata muna zaɓar hoton kowane ofishi mu juye shi a faifan gwaji, ko mu tayar da shi a cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin wata kwamfutar, mu ga Windows ta hau, mu buɗe manhajar lissafi mu ga ranar shigarwar ƙarshe. Sarƙa kuma ba ta wuce mako biyu ba a sake cikakken hoto ba. Wannan aikin gwajin babu mai ganinsa, shi ne kuma abokan hulɗa suka fi yi mini ƙorafin biya, alhali a ganina shi ne ainihin abin da suke saya.

Abu na biyu da ke hana ni barci shi ne juya hanya. A Clonezilla faifai ba shi da suna irin C ko D, sda ne da sdb, ko nvme da lambobi. In ka ɗauki fanko a matsayin tushe, mai kaya a matsayin mazubi, cikin daƙiƙu ka shafe abin da aka kawo ka ka ceta. Ranar nan ƙaramin yaron ya ɗago kai ya ce, "Oga, dukansu giga ɗari biyar ne, wanne ne na mutanen?" Na ji daɗin tambayar fiye da in ya yi shiru ya ci sa'a. Yanzu kafin a danna amincewa, ɗaya ya karanta lambar da ke jikin faifan da ƙarfi, ɗaya ya duba ta a allo. Faifan abokin hulɗa kuma jan tef muke manna masa tun daga bakin ƙofa.

Akwai ƙananan tarkuna da yawa. Hoton babban faifai ba ya shiga ƙarami kai tsaye, ko da kayan ciki kaɗan ne, sai an fara tsuke yankin. Wannan na yawan tasowa in ana komawa SSD, wato sabon nau'in faifai mai sauri. Hoton wata na'ura in aka juye shi a wata mai sassa dabam, yana iya ƙin tashi saboda direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta iya aiki da sassan na'ura. Faifan da aka kulle da BitLocker, makullin sirri na cikin Windows, kuwa, in aka sauya masa gida zai nemi mabuɗinsa mai lamba 48, wanda yawancin mutane ba su ma san suna da shi ba, shi ya sa ranar farko muke nemo shi mu adana. Faifan da ya fara ƙara yana saɓa karatu, ba a sa masa manhajar gyara. Ddrescue muke sa masa, wato manhajar ceto bayanai daga faifai mai ciwo, ya kwashe wuraren da ke da lafiya tukuna, sannan ya koma yana lallaɓa masu ciwo.

Inda hoton yake kwana ma magana ce. Tsohuwar ƙa'idar nan ta 3-2-1 har yanzu ita nake bi: kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Na ƙara mata sharaɗi guda, wato ɗaya ya kasance a cire, ba a jone da komai ba, domin muguwar manhajar da ke garkuwa da bayanai don neman fansa duk faifan da ta gani a jone tana kulle shi tare da sauran. A harin wata muguwar manhaja mai suna NotPetya na Yunin 2017, kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya sake ɗora wa sabobi 4,000 (manyan kwamfutocin da sauran ke dogara da su) da kwamfutoci 45,000 manhaja cikin kwana goma, kuma kwafi ɗaya tilo da ya tsira na sabar da ke riƙe da sunayen masu shiga, a ofishinsu na Ghana aka same shi, don wuta ta ɗauke a can kafin harin ya iso. Ni ba na son abokin hulɗata ya dogara da ɗaukewar wuta, gara na cire wayar da hannuna.

Sai amana. Hoton faifai yana ɗauke da komai: albashin ma'aikata, kalmomin sirri da burauza ta adana, hotunan iyali da aka ajiye a kwamfutar ofis. Muna kulle kowane hoto da kalmar sirri, ba ma buɗe abin da ba a ce mu buɗe ba, in wa'adin da muka yi da mai shi ya cika mu goge, mu sanar da shi a rubuce. Yaron da na kama yana leƙe, ko da wasa ne, ranar ya gama aiki da ni.

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, aikin ya ƙaru, kowa na son hawa ta 11 ko sauya na'ura. Ba ma taɓa kowace kwamfuta sai mun ɗauki hotonta, mun tayar da shi mun gani da ido. A kan teburina yanzu haka akwai guda uku masu jan tef, biyu an gwada sun tashi, ta ukun tana kashi arba'in da ɗaya.