Yaran Damagaram masu ƙirga da harshen Japan

Duk mai son sanin abin da matasan Damagaram ke kallo, ya tambayi irinmu masu tura fina-finai a waya. Sana'ata ke nan, haɗe da gyaran salula, a wata ƴar rumfa kusa da Kasuwar Dole. Da can fina-finan Kano da na Indiya ne ke ciyar da ni, kuma har gobe suna tafiya wajen mata da magidanta. Amma ƴan makaranta, tun daga na kwaleji har ɗaliban Jami'ar André Salifou, anime suke cika katinsu da shi, wato zanen Japan mai motsi. Naruto da One Piece da Dragon Ball kuwa, ko cikin barci aka tashe ni na san inda suke a kwamfutata. Da Akira Toriyama, mai zana Dragon Ball, ya mutu a watan Maris na 2024, a bakin yaran nan na fara jin labarin.

Sharaɗi ɗaya suke gindaya mini: ba su son wanda aka juya muryarsa zuwa Faransanci. Sai mai muryar asali, da fassara rubuce a ƙasan allo. Yaro zai miƙo waya ya ce, "Kawu, in ba muryar Japan ba ce, kada ku sa mini." A haka kunnensu ya saba. Yau za ka ji ɗan shekara 14 yana ƙirga ichi, ni, san, shi, go har zuwa goma babu tuntuɓe, yana ce wa abokinsa arigato in ya ara masa caja.

Bakinsu kuma yana kama harshen da kyau, akwai dalili. Wasulan Japananci biyar ne kamar namu, ana jan su ana gajarta su kamar yadda muke yi, suna kuma ninka baƙi a tsakiyar kalma. Bafaranshe yakan haɗiye harafin h, ya murɗe r a maƙogwaro. Bahaushe kuwa fes yake fitar da su. Rubutun ne dai jan aiki. Hiragana haruffa 46 ne, katakana ma 46, sannan ga kanji da suka aro daga Sin, waɗanda jerin hukuma na amfanin yau da kullum kaɗai ya kai 2,136. Yawancin yaranmu a ji da baki suka tsaya. Amma akwai wata yarinya ƴar Birni da ke zuwa da yayanta, ta nuna mini littafin rubutunta cike da hiragana, layi bayan layi, ba malami ba kowa. Na daɗe ina juya shafukan nan, raina fari ƙal.

Ga inda damuwata take. Jaruman waɗannan zane-zane yawanci mayaƙa ne, kuma maganar mayaƙa suke yi. Yaro ya haddace ore da omae da teme, wato hanyoyin cewa "ni" da "kai", yana zaton Japanancin kowa da kowa ke nan, alhali kalmomi ne na gatsali, na ƙarshen ma sai a bakin mai neman rigima. Mutanen Japan suna da matakan girmamawa a cikin nahawunsu kansa: yadda za ka yi wa malami magana daban, na baƙo daban, na aboki daban. Mu da ba mu ce wa dattijo "kai", mu da muke cire takalmi tun daga nesa in za mu shiga fadar Sarkin Damagaram, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Matsalar ita ce allon waya ba ya tsawatarwa. Yana ba yaro kalma, ba ya gaya masa gaban wa ake faɗinta.

Wurin da na san ana koyar da wannan ɓangaren shi ne filin horo. Na yi karate da ƙuruciya a hannun wani dattijo da muke kira Metir, Allah ya jiƙansa. Kalmomin da yaran nan ke tsinta a fim, mu a can muka fara jin su, amma kowace da ƙa'idarta. Ba ka shiga fili da takalmi. Ana jeruwa bisa launin ɗamara, wanda ke nuna matakin kowa, sabon shiga a ƙarshen sahu. In aka ce hajime ka fara, in aka ce yame ka tsaya cak, ko da hannunka ya riga ya tashi. Wanda ya riga ka shiga horo senpai ne gare ka ko da ka girme shi, shi kuma nauyinka na wuyansa. Kafin ka taɓa abokin karawa sai ka gaishe shi, bayan kun gama ka sake gaishe shi, ko ka ci ko an ci ka.

Waɗannan ƙa'idoji suna da asali. Jigoro Kano ya kafa judo a 1882, a makarantarsa ta Kodokan da ke Tokiyo, kuma malamin makaranta ne, tarbiyya yake nufi da wasan. Daga wajensa aka samo tsarin matakai da baƙar ɗamara da sauran wasanni suka ɗauka. Karate kuwa daga tsibirin Okinawa ta fito, Gichin Funakoshi ya kai ta Tokiyo a 1922. Cikin koyarwarsa akwai cewa karate da gaisuwa take farawa da ita take ƙarewa, kuma mai karate ba ya fara kai hari. Har yau alƙalin judo a ko'ina cikin duniya da Japananci yake ba da umarni, tun kafin wasan ya shiga Olamfik a 1964.

Ƴar gyara guda ga masu zuwa rumfata: taekwondo ba ta Japan ba ce, ta Koriya ce, umarninta ma da harshen Koriya ne. Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya ciyo wa Nijar azurfa a Olamfik na Rio a 2016 kuma ya zama zakaran duniya a 2017, ita yake yi. Yara da dama saboda shi suka nemi filin horo, saboda anime suka zaci duk abu ɗaya ne.

Maganar da ta fi zafi ita ce ta sunkuyawa, kuma a gidanmu ta faru. Ɗan yayana ya matsa sai an sa shi karate. Yaya ya je ya leƙa, ya ga yara suna rusuna wa malami da juna, ya dawo ya ce sam. Hujjarsa ba ta wasa ba ce: akwai hadisin da ya hana mutum sunkuya wa ɗan'uwansa in sun gamu, ga shi kuma ya ji cewa a wasu wurare har hoton wanda ya kafa wasan ake rataya wa a bango ana rusuna masa. Na ce, "Yaya, ku yi haƙuri mu je tare ku yi magana da mai horon, kada a yanke hukunci daga bakin ƙofa." Muka je bayan la'asar. Mai horon, wanda shi ma a sahun gaba yake salla, ya ce babu hoto a filinsa, kuma ya yarda yaro ya tsaya cik, ya ɗan sadda kai, ba lanƙwasa baya irin ta ruku'u. Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce to. A ganina haka ya dace a yi: uba ya je da ƙafarsa, ya gani, ya faɗi iyakarsa. Abin da ba na so shi ne a kashe wa yaro sha'awar gaba ɗaya, a bar shi da waya kaɗai, domin a can ne ba mai cewa ya tsaya.

Ni dai yanzu duk yaron da na tura wa anime, ina ƙara masa hoton jadawalin hiragana kyauta, in kuma gaya masa inda ake horo mafi kusa da unguwarsu. Ɗan yayana ya kai ɗamara rawaya. Abin da ya rage mana shi ne shimfiɗa: a kan siminti suke atisaye, shi ya sa mai horon ya hana su koyon faɗuwa da kayarwa. Iyaye mun fara karo-karo, kuma na yi wa wani mai kawo kaya daga Kano magana ya binciko mana farashin tabarmin roba kafin damina.