Na sa maganadisu, gibin ya ƙi buɗewa

Har yanzu abin na ci min rai wallahi. Duk bayanin da na karanta kan insuletan topoloji kusan magana ɗaya ce, cikin abin ba ya wuce wuta sai gefensa, elektoron mai sifin (wato ɗan maganadisun da ke jikin elektoron, spin a Turance) sama ya bi nan mai sifin ƙasa ya bi can, kuma da ka kawo maganadisu ka karya ƙa'idar juya lokaci (wadda ke hana elektoron na gefe juyowa baya) shi ke nan kariya ta tafi, gibi ya buɗe a matakan makamashin gefen, wuta ta daina wucewa. Haka na haddace, haka na zuba a babi na biyu na aikin mastas ɗina.

Na ɗora samfurin BHZ a manhajar lissafi ta Kwant, wato samfurin rijiyar HgTe (siririyar shimfiɗar sinadarin mercury telluride) da Bernevig da Hughes da Zhang suka kawo a 2006, wadda in kaurinta ya haura nanomita 6.3 take juyewa ta zama insuletan topoloji, 'yan Wurzbag ta Jamus suka auna wucewar wutar gefen suka samu 2e²/h a 2007. Ba maganadisu, komai lafiya lau, layukan makamashin gefe biyu sun gitta a tsakiyar giraf, ba gibi. Na sa filin maganadisu a tsaye bisa fuskar abin. Suna nan daram. Na ƙara, ko gezau.

Ga zafin Birnin Kebbi, ga ba wuta, laftof kullum tana shagon mai caji, ni kuma ina bin kod layi-layi ina zargin alamar Peierls (hanyar shigar da maganadisu cikin lissafin), alhali kod ɗin ba abin da ya yi. Da na kai wa Malam, giraf ɗin kawai ya kalla ya ce, "Kai, a lissafin nan naka me ke haɗa sifin sama da na ƙasa?" Babu! BHZ zalla gida biyu ne, na sifin sama da na sifin ƙasa, kowa da harkarsa, to elektoron ta ina zai juyo baya? Haka gefen zai ci gaba da aiki har sai biyu daga matakan Landau (matakan makamashin da maganadisu ke haifarwa) sun gitta juna tsarin ya koma na insuleta gama-gari. Da na kwantar da filin na sa Zeeman, wato tasirin maganadisu a kan sifin, mai cakuɗa na sama da na ƙasa, nan take gibi ya buɗe.

Abin haushin, jimla ɗaya ce ta isa a faɗa min wannan tun farko. Don Allah in za ka yi irin wannan lissafin, fara duba ko akwai abin da ke cakuɗa sifin a Hamiltoniyan ɗinka (lissafin makamashin tsarin) kafin ka taɓa kod. Kuma ka faɗaɗa zirin samfurin da kake lissafi a kai, in ya yi siriri gefe biyun na shafar juna su ba ka gibin bogi ko ba maganadisu.

Babi na biyu dai yanzu rushe shi nake yi, Malam na so kafin Juma'a.