Ƙwayar da na fara sha tun kafin in samu ciki

Cikina na fari sai da ya kai wata biyar na je awo. Kunyar ɗan fari ce, ko Hajiyarmu ban iya faɗa wa ba. Aka haɗa ni da maganin ƙarin jini da wata 'yar ƙwaya mai ruwan ɗorawa, folik asid. Na sha kaɗan na jefa sauran a durowa, saboda matan layinmu a Ɗorayi sun ce ƙato take sa ɗa ya yi, a sha wuya wajen naƙuda.

Ni Allah ya sauke ni lafiya. Ƙanwar maigidana ce ta haifi yarinya da ƙullutu a gadon baya, ƙafafunta ba sa motsi. Ni na zauna da su a asibiti, kuma har yau ina jin kukan uwar a kunnena.

A can wata nas ta zaunar da ni. Ta ce, "Maman Abba, lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗewa ne cikin kwana 28 na farko. Lokacin ke ko tabbatar da ɓatan wata ba ki gama yi ba." Wato wadda ta jira ranar awo, wannan gaɓar ta riga ta wuce ta. Abin da ake so shi ne a sha maikirogiram 400 na folik asid kullum tun kafin ciki, a ci gaba har aƙalla mako 12. Wadda ta taɓa haifar irin wannan jariri kuwa, likita kan rubuta mata miligiram 5, wato maikirogiram 5,000. Ba ta yi mini alkawarin kariya ɗari bisa ɗari ba, amma wani bincike da Birtaniya ta jagoranta a ƙasashe bakwai, wanda aka wallafa a 1991, ya nuna raguwar kusan kashi 70 cikin ɗari na maimaituwar matsalar. Zancen ƙaton ɗa kuma, ta ce ba aikin ƙwayar ba ne.

Da na yaye Abba na saya a kemis, na ajiye kusa da gwangwanin shayi don kada in manta. Wake, zogale da alayyahun 'Yankaba duk suna ɗauke da sinadarin, sai dai dahuwar da muke wa ganye har ya yi baƙi tana kashe da yawa, shi ya sa yanzu a ƙarshe nake zuba shi a miya.

Ƙanwata za a kai ɗaki bayan Babbar Sallah. Na cire kunya na yi mata bayani, na sa kwalba guda cikin jakarta.